Tukunya biyu a Belmont: ranar da na kai Kawu cin taliya a gidan Italiyawa

Kusan shekara biyu na yi ina cin taliya a wani tsohon gidan abinci na Italiyawa da ke unguwar Belmont, a yankin Bronx na birnin New York, ban san abin da ke kwance a gindin tukunyar da ake ɗebo mini miya ba. Ban gano ba sai ranar da na kai kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya zo daga Kano ganin likita. Bai yi minti biyar da zama ba ya yi tambayar da ni ban taɓa yi ba. Labarin ya bazu a masallacinmu, kowa ya kama ɓangare guda, har na ji wani yana cewa wai da gangan aka ciyar da ni haram. Ba haka aka yi ba, shi ya sa na zauna in rubuta yadda abin ya faru tun daga tushe. Sunan gidan kuwa zan bar shi a cikina, don mutanen ba su cuce ni ba.

Sai an san unguwar kafin a gane gidan. Tsakanin 1880 da 1924 Italiyawa sama da miliyan 4 suka shigo Amurka, mafi yawansu talakawan kudancin ƙasar ne, daga wajen Napoli da Kalabiriya da tsibirin Sisili. Da yawa daga cikin waɗanda suka sauka Belmont aikin ƙarfi ya kawo su, fasa dutse da haƙa da gini, har da aikin gidan namun daji na Bronx da aka buɗe a 1899, wanda yake nan gabas da unguwar. Suka kafa cocinsu a titi na 187, suka cika titin Arthur da amalanken kayan miya, har magajin gari Fiorello La Guardia ya buɗe musu rufaffiyar kasuwa a 1940 don a kwashe masu talla daga kan hanya. Kasuwar tana ci har yau. Kantin Teitel yana nan tun 1915, gidan burodin Madonia tun 1918, gidan abincin Mario's tun 1919. Jikokin waɗanda suka kafa unguwar yawancinsu sun tashi sun koma bayan gari, sai ranar Asabar su dawo da mota su yi cefane. Masu kwana a gidajen yanzu akwai Albaniyawa da mutanen Meziko da ɗaliban jami'ar Fordham. Mu kuma 'yan Afirka ta Yamma, Hausawan zangunan Ghana da 'yan Nijar da Gambiya da Mali da Gini, muna zaune a unguwannin da ke kusa, tafiyar bas guda.

Gidan da nake magana ba ya cikin waɗanda baƙi ke yin layi a ƙofarsu. A wani lungu yake, tebur bai wuce goma sha biyu ba, sai doguwar kanta da kujeru masu juyawa. Bencinan jikin bango jar katifa gare su, duk inda ta yage an liƙe. A bango akwai hoton Fafaroma, da na mai gidan da ya rasu sanye da farar rigar kuku, da kalandar wani kamfanin man zaitun. A taga an manna babban harafin A, shaidar tsabta da hukumar lafiya ta birnin ta fara bayarwa a 2010. Da safe ƙwai da burodi da kofi ake sayarwa, daga azahar sai taliya. Kati ba ya aiki, sai tsabar kuɗi. Matar marigayin, tsohuwa ce da ta haura saba'in, ita ke zaune bakin akwatin kuɗi, kuma babu mai shigowa da ba ta san shi ba: direbobin bas, 'yan kwana-kwana, masu gadi. Akwai wani dattijo da ke zuwa kullum ƙarfe biyar, ko baki ba ya buɗewa, yana zama za a ajiye masa miyar wake da gutsattsarin taliya.

Ni aikin dare nake yi a wani asibiti, ina shiga ƙarfe 7 na yamma. Wata rana cikin hunturu na sauka daga bas da yunwa, sanyi ya hana ni ƙarasawa wurin da na saba sayen shinkafa, na tura ƙofar gidan nan. A takardar jerin abinci na ga layi biyu a jere. Na sama ya ce taliya da miyar tumatir, na ƙasa ya ce taliya da marinara. Na biyun ban san ma'anarsa ba, na farkon kuwa ko yaro ya san shi. Na nuna da yatsa, na tambayi tsohuwar: babu nama? Ta ce babu nama, ɗana. Aka kawo faranti, na duba, lallai ko tsoka ɗaya babu. Na yi bisimilla na ci. Daga ranar ya zama wurina, sau biyu ko sau uku a mako. Tana ganina za ta ɗaga murya ta faɗa wa kicin, ba sai na ce komai ba. Wanda bai taɓa zaman baƙunta ba ba zai san daɗin wannan ba, a ce a garin da mutum miliyan 8 ke wuce juna ba sallama, akwai ƙofar da za ka shiga a san abin da kake ci.

Da Kawu ya gama da likita, sakamako ya yi kyau, na ce sai na kai shi wurina. Ranar Asabar ce, bayan azahar. Muka bi ta titin Arthur a ƙafa. Na nuna masa tauraron Yahudawa da aka shimfiɗa da ƙananan duwatsu a dokin ƙofar kantin Teitel, domin masu kantin Yahudawa ne da suka zauna cikin Italiyawa. Muka wuce wani shago da tsiran alade ya rufe rufinsa gaba ɗaya, ɗaruruwa suna reto. Kawu ya leƙa ta gilashi, bai ce komai ba.

Muka zauna kusa da ƙofa. Teburin da ke gefenmu an tashi ba a kwashe ba, akwai faranti da ragowar jar miya, iskar ƙofa ta sanyaya ta. Kakana na wajen uwa mahauci ne, Kawu kuwa a gindin teburin nama ya girma kafin ya yi boko ya zama malamin makaranta. Ya ƙura wa farantin ido.

"Irin wannan miyar kake ci?"

"Ita ce, Kawu. Tumatir ne kawai."

"Dubi gefen farantin nan, ɗan nan. Ka ga maiƙon ya fara kama jikinsa? Man zaitun ba ya yin haka. Man gyaɗa ma ba ya yi. Wannan kitsen dabba ne."

Na duba. Wani siririn zobe ne ruwan lemo, ya yi dishi-dishi kamar kakin zuma. Na sha ganinsa a nawa farantin, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Mai kawo abinci na ranar ba wanda na saba gani ba ne, shi sai ƙarshen mako yake zuwa. Mutum ne mai furfura a gefen kai. Kawu ya gaishe shi da Turancinsa na malaman da, sannan ya ce: "Abokina, ba na tambayar abin da ke cikin faranti. Kafin a zuba tumatir a tukunya, me aka fara sawa?" Mutumin ya dubi hular Kawu, ya dubi carbin da ke hannunsa, sai ya yi mana sallama. Ashe Ba'albane ne daga Kosobo, Musulmi. Ya sunkuyo ya ce kada mu ci wannan. Ya ce tun asuba ake soya ƙashin wuyan alade da haƙarƙari da tsire a gindin babbar tukunya, a zuba tumatir a kai, ta yi ta dahuwa awa huɗu ko biyar. Naman a tsame shi a sayar wa mai so, miyar kuma ita ake zuba wa kowa. Marinara ce ba ta da komai: tafarnuwa, man zaitun, tumatir, ɗoɗɗoya, a kasko ake yin ta cikin 'yan mintuna.

Layi na ƙasa, wanda na tsallake saboda ban san sunansa ba, shi ne halal ɗin. Na sama, mai sunan da na yarda da shi, shi ne romon alade.

Cikina ya juya. Na tashi na shiga banɗaki na kurkure baki, alhali ranar ban ci komai ba. Na yi ta lissafin faranti nawa ne a shekara biyu, da sallolin da na yi bayan kowanne, da ranakun azumin da na biya na saya na tafi da shi wurin aiki na yi buɗa-baki. Da na dawo na tarar da tsohuwar tsaye a kan Kawu, mai kawo abincin yana yi mata bayani. Ta dafe ƙirji. Ta ce ita abin da ta ɗauka, ni irin matasan nan ne da ba sa son ganin nama a faranti, ko kuma kuɗina ne bai kai ba. Ta ce da na furta kalmar alade sau ɗaya, da ba ta bari ya kusance ni ba. Idonta ya kawo ruwa. Na yarda da ita a lokacin, kuma har yanzu na yarda.

Na daɗe ina juya wannan al'amari, ina neman inda ya karkace. Ni na ce "nama", ina nufin duk abin da ya fito daga jikin dabba, kitse ne ko romo ko ƙashi. Ita ta ji "nama", ta fahimci tsokar da ake gani a tauna. Kowannenmu gaskiya ya faɗa. A wurinta ƙashin da ke gindin tukunya kayan ɗanɗano ne, kamar yadda uwata ba za ta lissafa daddawa ba in an tambaye ta abin da ke cikin miya. Wannan kuwa yana da tarihi. Iyayen su tsohuwar a kudancin Italiya nama sai ranar biki suke gani. Da suka zo Amurka suka tarar ɗan albashin lebura yana iya sayen nama duk mako, sai suka mai da tukunyar ranar Lahadi wurin nuna cewa wahala ta biya. Daga nan aka samu manyan curin nama a kan taliya, da kaza da aka lulluɓe da cuku, abubuwan da a can Italiya ba haka ake cin su ba. Miyar da aka dafa da ƙashi ita ce miyar girmamawa a gidan irin nasu. Shekara biyu tsohuwar tana ba ni abin da take ganin ya fi kyau a kicinta.

Nawa kason kuma ban ɓoye wa kaina shi ba. Sau ɗaya na yi tambaya, ranar farko, da kalma biyu, ban ƙara ba. Ban ce ni Musulmi ne ba. A lokacin ina jin nauyin faɗin haka a wurin da babu nawa, ina gudun a kalle ni, ina gudun in zama baƙon da ya cika fitina. Daga baya kuma sabo ya rufe ƙofar tambaya, domin wanda aka san abincinsa ba ya so ya koma baƙo. Takardar A da ke taga ita ma ta kwantar mini da hankali a inda bai kamata ba. Ita tsabtar kicin take aunawa, sanyin firji da ɓera da wanke hannu. Ba ruwanta da abin da ya halatta gare ni.

Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya karanta mini ƙarshen Baƙara, inda ake roƙon Allah kada Ya kama mu in mun manta ko mun yi kuskure, ya ce abin da ya wuce bisa rashin sani ba a bin bawa bashinsa, amma daga yau na sani. Na ce mu tashi. Ya ce a'a. Ya kawo hadisin Abu Sa'alaba al-Khushani, wanda ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da cin abinci a kwanukan Ahlul Kitabi, aka ce masa in ya sami wasu kada ya ci a cikinsu, in bai samu ba ya wanke ya ci. Ya ce matar nan ta tsaya a gabanmu da hawaye, in muka fita yanzu mun bar ta da zaton mun ɗauke ta maƙaryaciya. Ya juya ga mai kawo abincin ya ce a wanke kasko a dafa mana abin da shi da kansa zai ci.

Kafin abincin ya iso, mutumin ya ja kujera ya bi mana takardar layi-layi, kuma wannan darasin ya fi mini duk abin da na karanta daga baya. Curin naman da ake ɗorawa kan taliya, ya ce, haɗin uku ne: sa da maraƙi da alade. Miyar waken dattijon nan na ƙarfe biyar da ɗan yankin naman alade mai gishiri ake fara ta. Taliyar da ake kira carbonara da shi ake yi. Kazar marsala da giyar inabi ake dafa ta, haka wadda ake yi da lemon tsami da man shanu, haka mafi yawan miyar kayan teku, ko da ba a rubuta ba. Akwai burodin da ake cuɗawa da kitsen alade, akwai kuma ɓawon cannoli, wannan zaƙin mai kama da bututu, wanda a girkin gargajiya kitse da giya ke shiga ƙullinsa. Na ce ai na ji ana cewa giya tana ƙonewa a wuta. Ya girgiza kai. Daga baya na ga alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka: bayan minti 15 ana dafawa kusan kashi 40 cikin 100 na nan, bayan awa biyu da rabi ma akwai saura kamar kashi 5.

Sunan Marsala ya tsaya wa Kawu a rai, ya ce wannan ai Larabci ne. Haka ne kuwa, gari ne a bakin teku a Sisili, kuma marsa tashar jirgin ruwa ce. Musulmi sun shiga tsibirin a 827, mulkinsu bai ƙare gaba ɗaya ba sai 1091. A 1154 al-Idrisi, masanin taswira da ya zauna a fadar Sarki Roja na Biyu a Palermo, ya rubuta cewa a garin Trabia ana yin wani abincin fulawa mai kamar zare da ake kira itriyya, ana loda shi a jirage zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Kawu ya yi murmushi, ya ce ashe ba baƙin juna ba ne mu da abincin.

Aka kawo taliya kashi biyu, ɗaya da marinara, ɗaya da tafarnuwa da man zaitun da busasshen barkono kawai. Aka kawo gasasshen kifi da lemon tsami, da wani ganye mai ɗan ɗaci da aka soya da farin wake. Soyayyen yalo na so in sa a kawo, mutumin ya ce a mai ɗaya ake tsoma shi da kaza, Kawu ya ce a bar shi. Marinarar ta fi waccan haske, ja ce tas, ana ganin farin tafarnuwa a ciki, man yana yawo a sama bai kama ba. Ba ta kai waccan nauyi a baki ba, wannan gaskiya ne. Kawu ya ce taliyar ba ta ƙarasa dahuwa ba. Na ce haka suke son ta, da ɗan ƙarfi a haƙori. Ya cinye, ya sa burodi ya suɗe farantin.

Wajen biyan kuɗi muka ɗan yi ja-in-ja. Tsohuwar ta ce ba za ta karɓa ba, Kawu ya ce in ba ta karɓa ba ya zama mun zo karɓar diyya, mu kuwa abinci muka zo ci. Ta karɓa. Da na ajiye tukwici a tebur sai Kawu ya ce wannan na mene ne, ba an biya ba? Na yi masa lissafi. A New York harajin saye kashi 8.875 cikin 100 ne, ba ya cikin farashin da aka rubuta, sannan al'ada ta ɗora kashi 18 zuwa 20 na mai kawo abinci. Abincin dala 100 sai ya tashi kusan 130. Doka ta yarda a biya masu wannan aiki ƙasa da mafi ƙarancin albashi bisa zaton tukwici zai cike. A dokar tarayya dala 2.13 ne a awa, bai motsa ba tun 1991, ko da yake na jihar New York ya fi haka nesa. Kawu ya ce to ai wannan haƙƙi ne, ba kyauta ba. Ya zaro wata takardar daga aljihunsa ya ƙara a kai.

A masallaci ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce gidan da ake dafa alade ko ruwansa bai kamata a sha ba, ga gidajen abincin 'yan uwa Musulmi birjik a Bronx, me ya kai ni. Wasu suka kawo aya ta 5 ta Suratul Ma'ida, suka ce abincin Ahlul Kitabi halal ne, har kazarsu ma in na ci babu laifi. Wasu kuma suka ce kazar kamfani da inji ya yanka ba ta shiga ayar ba. Wannan saɓani ne na malamai, ya girme ni, kuma ban ga laifin wanda ya zaɓi ya nisanci wurin baki ɗaya ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganar cewa an yi mini da gangan. Na ga fuskar matar. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a teburinta ba, kuma ɗora wa mutum mugun nufin da bai yi ba shi ma abin tambaya ne gobe kiyama.

Ni dai matsayata ita ce, kifi da ganye da taliya a wankakken kasko ina ci, nama kuwa sai na mahautanmu. Kuma na lura da wani abu da ban zata ba. A manyan gidajen abinci na kamfani, in ka tambayi yaron da ke kanta abin da ke cikin miya, shi ma bai sani ba, a leda aka kawo ta daga masana'anta. A nan wadda ta sayo ƙashin tana zaune taku biyar daga tukunyar. Tsufan gidan da rashin rubuta komai su suka jefa ni cikin kuskuren, amma saboda su ne kuma aka iya gyara shi a zama ɗaya.

Na yi kusan wata biyu ban koma ba, ƙafata ta ƙi. Kawu ya koma Kano da gwangwanin man zaitun a jakarsa, kuma duk wayar da muka yi sai ya ce, "Ka gaishe da tsohuwar nan?" Ranar da na koma, tana ganina ta taso daga bakin akwatin kuɗi, ta kama hannun rigata ta ja ni har ƙofar kicin. A jikin bango, nesa da sauran, an kafa ƙusa, an rataye sabon kasko da ludayinsa, an naɗa koren zare a mariƙinsu. Ta ce ta gaya wa kuku da mai wanke-wanke, wannan ba ya taɓa babbar tukunya.

Makon jiya na je da wasu direbobin tasi biyu, 'yan Kumasi. Kafin mu zauna babbansu ya ce shi sai ya gani da idonsa. Ba'albanen ya kai shi ƙofar kicin, ya tsaya yana kallo aka sauke kaskon daga ƙusa, aka zuba mai, aka yanka tafarnuwa. Ya dawo ya zauna, ya cire hularsa ta sanyi, ya ce a ƙara masa barkono a nasa.